Littafin aikin talla na filin motocinmu

8 ga Janairu

Na buɗe wannan rubutun ne don in riƙa ajiye yadda neman mai yi mana talla yake tafiya, saboda ni da Yaya mun yanke cewa bana dai za mu ware wani abu duk wata na talla, kuma ba na son mu kashe shi a duhu. Filin namu ƙarami ne, motocin hannu kawai muke sayarwa, mu ba wakilan wani kamfani ba ne, da kuɗinmu muke sayowa mu gyara abin da ya kamata a gyara mu sayar. Zuwa yanzu cinikin duk ta hannun dillalai yake zuwa, sai masu wucewa su hango su tsaya, sai wanda tsohon kwastoma ya turo, sai ɗan abin da nake ɗorawa a WhatsApp in na samu sarari.

Abin da ya tayar da maganar shi ne motoci sun fara daɗewa a ƙasa. Wanda ba ya harkar zai ɗauka mota in tana ajiye ba ta cin komai, alhali tana ci sosai wallahi, batir ya mutu, taya ta saki, rana ta dafa fenti da dashbod, kullum wanki, ga hayar fili ga mai gadi, uwa uba jarin da ke kwance a cikinta wanda da ta fita da tuni an juya shi an sayo wata. Motar da ta yi wata huɗu a ajiye ko an ce an sayar da riba, rabin ribar ta riga ta zube a hanya.

Kafin mu kira kowa na ce da Yaya akwai abin da za mu fara wanda ba ya cin komai. Na kawo littafi na ja layi layi: ranar, sunan mutum, motar da ya tambaya, a ina ya gan mu, ya zo filin ko bai zo ba, ya saya ko bai saya ba. Na ce da yaron da ke zama a filin duk wanda ya kira ko ya shigo sai an tambaye shi "a ina ka samu labarinmu", ko da ciniki bai faɗa ba. In ba mu san inda masu sayenmu suke fitowa ba tun yanzu, gobe mai talla zai ce shi ya kawo su kuma ba mu da bakin musu.

16 ga Janairu

Da na fara tambaya sai na ga ashe abin da ake kira talla ɗin nan kala kala ne, kuma kowa nasa yake cewa shi ne magani. Akwai masu riƙe maka shafin Facebook da Instagram su riƙa ɗora hoto kullum, akwai masu tallan biya a Meta, wato kamfanin da ke da Facebook da Instagram da WhatsApp, da kuma Google, akwai shafukan jera motoci da ake biya a ɗaga taka sama, akwai masu gina shafin intanet su ce za su hau da kai saman bincike, akwai masu hoto da bidiyo zalla, sai masu mabiya da yawa da za su zo su tsaya gaban mota su yi surutu. Rediyo da allo ma an kawo mana maganarsu amma na ajiye su gefe tukuna, don da wuya ka iya bin sawun wanda suka kawo.

Abin da na fi zura wa ido shi ne yadda kowa yake karɓar kuɗinsa, don nan ne za ka gane inda zuciyarsa za ta karkata. Mai karɓar kaso daga cikin kuɗin tallan, duk lokacin da ka ƙara kashewa shi ma ya ƙaru, to da wuya ya ce maka rage. Mai karɓa a kan kowane mutum da ya turo saƙo, shi yawa yake nema, ko yara ne masu tambayar "nawa" su ɓace ya dai ƙirga. Mai albashin wata tsayayye kuma haɗarinsa ya kwanta ya daina motsi bayan watan farko. Babu wanda ba shi da aibu a ciki, amma ga ƙaramin fili irin namu na fi karkata ga kuɗin wata tsayayye, da sharaɗin za mu iya rabuwa cikin sauƙi.

24 ga Janairu

Yau mun zauna da wani kamfanin talla, samari biyu tsaf tsaf da kwamfutarsu. Gaskiya sun iya bayani. Ƙunshi uku suka kawo, ƙarami da matsakaici da babba, kowanne an rubuta adadin hotunan da za a ɗora a wata da adadin mabiyan da shafin zai samu. Na saurare su har suka gama sannan na ce ni fa ba mabiya nake sayar wa mota ba, mutum nawa za su tako ƙafa su zo filin? Ɗayan ya ce "Alhaji ai sai an fara gina suna tukuna". Ban ƙi maganar ba, suna yana da amfani, amma wanda ke da motoci ƙalilan a ƙasa da kuɗin mutane a wuyansa ba zai iya jiran suna shekara guda ba tare da wani ma'auni ba.

Abu biyu ne suka sa na janye gaba ɗaya. Na farko sun ce suna ba da tabbacin za mu zama na ɗaya a Google. Google da kansu a cikin jagorar da suka rubuta wa masu neman irin wannan aikin sun faɗa ƙarara cewa babu mai iya ba da wannan tabbacin, kuma sun ce a yi hattara da mai yin alƙawarin. Na biyu, wanda ya fi damuna, da na tambaya akawun ɗin tallan da sunan wa za a buɗe sai suka ce a ƙarƙashin nasu za a yi komai, shafin ma su za su buɗe, mu dai mu riƙa tura kuɗi su riƙa turo rahoto, kuma kwantiragin na shekara ne.

Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai ƙaramin kasuwanci ina roƙonsa ya tsaya a kai. Shafi da akawun ɗin talla da sunan shafin intanet dukiya ce. Duk tarihin waɗanda suka taɓa danna tallanka, da saƙonnin kwastomomi, da sharhin da mutane suka rubuta, da hotunan shekaru, a ciki suke taruwa. In da sunan wani aka buɗe, ranar da kuka saɓa shikenan ka yi gini a filin wani, zai ce ka kwashe takalmanka. Kuma babu wani dalilin aiki da zai tilasta hakan, don Meta da Google duk sun tanadi hanyar da mai kasuwanci zai riƙe akawun ɗinsa ya ba ma'aikaci izinin shiga ya yi aiki, in an rabu ya cire shi da dannawa ɗaya. Haka kuɗin tallan, in ta hannunsu zai bi ba za ka taɓa sanin nawa ya isa wurin Meta nawa ya tsaya a hanya ba. Ban ce waɗannan samarin macuta ba ne, ƙila haka suka saba aiki, amma tsarin ne ban yarda da shi ba. Yaya ya so mu gwada ƙaramin ƙunshin, na ce Yaya ka ba ni wata ɗaya in ƙara dubawa.

3 ga Fabrairu

Kafin a samu wanda za a ɗauka na ga ya kamata mu gyara abubuwan da suke kyauta, don ko an yi tallan nan mutum zai faɗo. Na karɓi shafinmu na Google Business Profile, wanda a da ake kira Google My Business kafin a canza sunan a 2021, shi ne wanda ke fito da kai a taswira. Sun nemi tabbaci ta bidiyo, na zaga na ɗauki allon suna da ofis da motocin. Na sa lokacin buɗewa da rufewa na gaskiya, na gyara alamar taswirar ta faɗa daidai ƙofar shiga, na zuba hotuna. Google sun ce abu uku suke dubawa wajen jera kasuwanci a taswira, dacewarka da abin da aka nema, kusancinka da mai neman, da kuma yadda aka san ka, kuma ba a sayen wannan matsayin da kuɗi. To kusanci ba mu da iko a kai, amma sauran biyun aikinmu ne.

Na kira tsofaffin kwastomomi waɗanda na san sun ji daɗin motarsu na roƙe su su rubuta sharhi da bakinsu. Wani ya yi mana tayin zai kawo taurari biyar biyar masu yawa a kwana biyu, na ce a'a. Dokar Google ta hana sharhin ƙarya ta kuma hana ba mutum wani abu don ya rubuta, ana iya gogewa ko a hukunta shafin, kuma ko ba doka mu harkarmu amana ce, mai sayen motar hannu da tsoro yake zuwa tun daga gida.

Lambar filin kuma na mayar da ita WhatsApp Business. Yana da katalog da ke ɗaukar kaya har 500, ya ishe mu nesa ba kusa ba, da saƙon gaisuwa, da amsoshin da ka ajiye kana danna alama su fito. Kuma lamba ɗaya ana iya haɗa ta da wasu na'urori har huɗu, don haka ni da Yaya da yaron duk muna ganin saƙo ɗaya.

11 ga Fabrairu

Hoto. A nan ne na fara biyan wani, kuma ina ganin ko ba mu ɗauki kowa ba wannan dole ne. Mun samu wani matashi mai ɗaukar hoto, mun yi da shi a kan kowace mota za a biya, ba wata ba, kuma hotunan namu ne ya turo mana asalinsu. Na rubuta masa jerin da ba na so ya canza: gaba ta kusurwa, baya, gefe biyu, tayoyi kusa kusa a ga sauran ƙwarinsu, kujerun gaba da na baya, dashbod da inji a kunne a ga kilomita a ga babu fitilar da ke ci, ƙarƙashin bonet, cikin but. Da safe ko da yamma, wuri ɗaya kullum, kada wata mota ta shigo bayan hoton.

Mun ɗan ja da shi a kan tabo. Shi a sana'arsa ya saba ɓoye aibu, ni kuma na ce inda aka ƙarce da inda aka taɓa fenti da kujerar da ta yage duk a ɗauka a nuna. Ya ce "Oga hakan zai kori mutane", na ce wanda zai kora dama in ya zo ya gani da idonsa zai juya, ya ɓata mana lokaci ya kuma tafi yana cewa mun yaudare shi. Wanda ya ga tabon tun a waya ya kuma taso, wannan ya riga ya yafe tabon, maganar kuɗi kawai ta rage.

Bidiyon a tsaye ake ɗauka yadda zai cika fuskar waya, gajere, a tayar da injin yana sanyi a bar mutum ya ji ƙararsa, babu kiɗa a kai. Lambar shasi kuma duk wanda ya nema da gaske muna ba shi. Haruffa da lambobi 17 ce, tsarin da aka tsayar tun 1981, babu I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0, tana nan ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka gurbi na 10 shi ke nuna shekarar model. Mai saye da ya san wannan zai duba da kansa ya ga ba mu ƙara wa motar shekara ba.

20 ga Fabrairu

Alhamdulillah ina ga mun samu. Wata baiwar Allah ce mai aikin kanta, ba kamfani ba, wani abokin harka ya haɗa mu. Abin da ya ja hankalina kusan rabin zaman ita ke tambaya. Wace irin mota ta fi saurin fita, wace ce ke kwana, ribar mota ɗaya a tsakaice, daga wane nisa mutane suke zuwa, wa ke ɗaga waya, in an turo saƙo da dare wa zai amsa. Da na miƙa mata littafinmu ta daɗe tana dubawa, ta ce "Alhaji wannan littafin kada ku daina shi ko bayan an fara, da shi za ku auna ni."

Ta yi mana bayanin bambancin da ban taɓa ji an faɗa a fili haka ba. Wanda ya shiga Google ya rubuta Corolla ta hannu da shekararta, wannan yana nema ne yanzu, kuɗinsa ƙila yana hannu, shi ya sa dannawarsa take da tsada amma tana da nauyi. Wanda kuma yake zagaya Facebook ko Instagram ba mota ya fito nema ba, kai ne ka tare shi, za ka samu saƙo da yawa da araha amma yawanci sha'awa ce kawai. Kowanne da amfaninsa, ta ce kuɗinmu bai kai a watsa shi ko'ina ba, mu gwada biyun nan kawai mu bar sauran.

Sharuɗɗan da muka tsaya a kai, kuma an rubuta kowa ya sa hannu: akawun duka da sunan filinmu, katinmu ne ke biyan Meta da Google kai tsaye, ita kuɗin aikinta daban tsayayye duk wata, gwaji na wata uku daga nan kuma wata wata, duk wanda zai janye ya ba da sanarwa. Rahoto duk mako, kuma ba na son a fara da adadin waɗanda suka gani, a fara da nawa aka kashe, saƙo nawa, mutum nawa suka zo. Na ce Hajiya in kin ga wani ɓangaren ba ya aiki za ki faɗa ko sai mun gano, ta ce tunda ba kaso take ci ba me zai hana ta faɗa. Na kunna tabbaci mai mataki biyu a kan duk akawun ɗin kafin na ba ta izinin shiga.

2 ga Maris

An kunna. Na zauna kusa da ita tana saitawa don ina son in fahimci abin da nake biya. A Google akwai wani zaɓi na wuri da yake zuwa a kunne, wanda ke nuna tallan ga mutanen da ke yankin da kuma waɗanda suka nuna sha'awar yankin ko suna nesa, ta mayar da shi kan waɗanda suke wurin kawai. Sai jerin kalmomin da ba ma so, haya, kayan gyara, sabuwa dal, neman aiki, koyon tuƙi, duk wanda ya haɗa bincikensa da waɗannan kada tallanmu ya fito masa mu biya a banza. Ta nuna min inda ake ganin ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su danna, ta ce duk mako za ta leƙa ta ƙara tacewa. Tsarin gwanjo ne, amma ba wanda ya fi zuba kuɗi kaɗai ke ci ba, ana duba dacewar tallan da shafin da yake kaiwa, har maki suke bayarwa daga 1 zuwa 10.

A Meta kuma irin wanda in ka danna zai buɗe maka WhatsApp kai tsaye muka yi, kowace mota da 'yar lambarta a cikin saƙon da ke fitowa da kansa, don mu san wace mota ce kuma daga talla ne. Ta gargaɗe ni kada in riƙa cewa a canza wannan a canza wancan kullum, tsarin yana buƙatar sakamako kusan 50 a cikin mako kafin ya daidaita, kuma duk babban canji yana mayar da shi farko. Da kuɗi kaɗan irin namu shi ya sa ba ta rarraba shi gida gida ba.

10 ga Maris

Waya ba ta huta ba. Amma yawanci "nawa", "nawa ƙarshe", "akwai ragi", a amsa su yi shiru. Muhawara ta tashi tsakanina da Yaya a kan rubuta farashi. Shi a ganinsa in ka rubuta ka ɗaure kanka, abokan harka sun gani, kuma dillali ba zai samu inda zai ɗora nasa ba. Ni a ganina kowane "nawa" ɗin nan kuɗi muka biya aka kawo shi, in an rubuta wanda aljihunsa bai kai ba zai wuce ba tare da ya danna ba. Mun tsaya a kan a rubuta a rabin motocin a bar rabi, littafi ya raba gardama.

Abin da babu gardama a kai shi ne saurin amsa. Mai neman mota ba mu kaɗai ya tura wa ba, in an bar shi awa uku ya riga ya yi nisa da wani. Mun raba lokaci, yaron da rana, ni da yamma zuwa dare. Wannan aikin babu mai tallan da zai yi maka shi.

21 ga Maris

Rahoton Hajiya da littafinmu ba su zo ɗaya ba, kuma ta ce dama ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Meta yawanci suna lissafa wa kansu wanda ya tuntuɓe ka cikin kwana 7 bayan ya danna tallan ko cikin kwana 1 bayan ya gan shi, Google ma suna nasu lissafin, mutum ɗaya sai kowa ya ce nasa ne. Tun Afrilun 2021 da Apple suka fito da iOS 14.5 kuma masu iPhone suna iya hana manhaja bin sawunsu, sai wani ɓangaren lissafin ya zama ƙiyasi. Bayan haka mota ba abin da ake saya da dannawa ba ce, mutum ya ga bidiyo yau, ya tura wa ƙaninsa, ƙanin ya nuna wa bakanike, bayan sati biyu su ukun su shigo filin babu wanda ya turo saƙo. Wace kwamfuta ce za ta ga wannan? Tambayar bakin ƙofa ce kawai za ta kama shi, shi ya sa na ƙara wa yaron cewa in mutum ya ce "a waya na gani" a ce masa a ina a wayar, in zai yiwu ya nuna.

Wata matsala da ban ji kowa ya ambata ba a duk zaman da muka yi, dillalai suna kwasar hotunanmu su ɗora a nasu da ƙarin kuɗi, wani ma sai ya tari wanda tallanmu ya kawo a bakin hanya ya shigo da shi ya nemi la'ada. Ba na son faɗa da su, shekara da shekaru muna cin arziƙin juna kuma har gobe suna kawo ciniki na gaske. Mun zauna da manyansu mun yi magana ta fahimta, wanda lambarsa ta riga ta shiga WhatsApp ɗinmu ta talla kwastomanmu ne, wanda suka kawo da ƙafarsu nasu ne la'adarsu cikakkiya.

29 ga Maris

Wani kwastoma ya turo min hoton wata Camry tamu a wani shafin da ban sani ba, an karya farashin sosai an ce a tura kafin alƙalami a riƙe wa mutum. Raina ya ɓaci matuƙa, don wanda aka cuta da hotonmu sunanmu zai riƙe. Mun kai rahoton shafin, yanzu duk hoto yana fita da sunan filin da lambarmu a jiki ta inda ba za a yanke ba, kuma a saƙon gaisuwa da saman shafinmu mun rubuta ba ma karɓar komai kafin mutum ya zo ya ga mota da takardunta.

Wani mai mabiya da yawa ya nemi ya zo ya yi mana bidiyo. Na nemi ya nuna min daga ina mabiyan nasa suke da shekarunsu, don shafin yana nuna masa, da ya turo sai na ga yawancinsu nesa suke da mu kuma yara ne. Na gode masa na ce ba yanzu ba.

Mun kuma sa doka, mota na fita daga filin a ranar za a cire ta daga katalog a sanar da Hajiya ta kashe tallanta. Biyan kuɗi a kan motar da babu ita asara biyu ce, kuɗin ya tafi mai kiran kuma ya ɗauka dabara ce ta jawo shi.

12 ga Afrilu

Na zauna da littafin da rasit duka. Lissafin da nake yi mai sauƙi ne, in haɗa abin da Meta da Google suka cira da kuɗin Hajiya da na mai hoto, in raba da motocin da littafi ya nuna talla ne ya kawo mai sayensu, sai in ɗora abin da ya fito kusa da ribar mota ɗaya da kuma la'adar da da dillali ne zai karɓa. In tallan ya fi la'ada tsada kuma bai rage kwanakin da mota ke yi a ƙasa ba to ba shi da dalili. Zuwa yanzu bai kai la'ada ba, kuma motocin da aka yi wa cikakken hoto da bidiyo sun fi saurin tashi. Amma ina jan kunnen kaina da Yaya, wanda ke sayar da motoci ƙalilan a wata, ciniki ɗaya ko biyu suna iya juya lissafin gaba ɗaya, wata ɗaya da rabi bai isa a yanke hukunci ba.

Abin da ya fito fili dai, Google saƙonsa kaɗan ne amma mafi yawansu suna zuwa kuma sun san abin da suke so. Meta yawa, zuwa kaɗan, sai dai ya fi amfani a kan ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi. Motocin da aka rubuta wa farashi saƙonsu ya ragu amma masu zuwa gani ba su ragu ba, Yaya da kansa ya duba ya ce a rubuta wa duka, sai dai a bar ɗan wurin ciniki don mai saye ba ya jin daɗi in bai taya an rage masa ba, kuma a nan gaskiyarsa ce.

Layin da ya fi ba ni mamaki a littafin har yanzu shi ne na "wane ne ya turo ni". Tsofaffin kwastomomi suna nan kan gaba wajen kawo wanda ke saye da gaske, kuma ba ma kashe musu komai. Hajiya ce ma ta ce mu ba wannan ƙarfi ko da ba ta cikin aikinta. Na fara tattara lambobinsu, ina neman izinin kowa kafin in sa shi, don jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai isa gare shi. Sau ɗaya a mako ya isa, sabbin shigowa kawai, ba na son mu zama masu damun mutane. Kuma duk wanda ya sayi mota zan kira shi bayan wata guda in ji lafiyarta.

26 ga Afrilu

Mun zauna mu uku. An rage na Meta an bar shi a kan ƙananan motoci da duk wadda ta fara daɗewa, abin da aka rage an ƙara wa Google. Mai hoto ya zama na dindindin, duk motar da ta shigo ba za a ɗora ta ko'ina ba sai an wanke an gyara ya ɗauka. Shafukan jera motoci za mu gwada guda ɗaya a wata mai zuwa da motoci kaɗan, a buɗe masa nasa layin a littafi, ba za mu biya na ɗagawa sama ba sai mun ga abin da na ƙasan ya kawo.

Maganar shafin intanet ta dawo, don Hajiya ta ce tallan Google zai fi kyau in kowace mota tana da shafinta da hoto da bayani da maɓallin kira, maimakon a riƙa kai kowa wuri ɗaya. Na yarda amma ƙarami, mai saurin buɗewa a waya, wanda yaron zai iya sa mota ya cire da kansa ba sai an nemo wanda ya gina ba. Sunan shafin ni zan yi rajistarsa da imel ɗin filin kafin in yi magana da kowane magini, kuma na rubuta ranar sabuntawa a bangon littafin tunda duk shekara ake biya. Masu cewa za su hau da mu saman bincike kuma sai shafin ya tsaya tukuna, aikin watanni ne ba na gaggawa ba.

Gwajin Hajiya zai cika a farkon Yuni, kafin nan ina son in fitar da matsakaicin kwanakin da mota ke yi a ƙasa daga Janairu zuwa yanzu, wata wata, in kwatanta da rasit ɗin bara. Maginan shafi biyu za su turo tayinsu a makon nan, na riga na aika musu da tambayoyin: da sunan wa za a ajiye shafin, wa ke riƙe da kalmar sirri, kuma in mun rabu me za su miƙa mana.